Shekarar da Na Faɗi Sunanki

Shekarar da aka nemi izinin gina lakwal ɗinku, wato makarantarku, kina da shekara bakwai, ni ina da ashirin da shida. Wata takwas ke nan da yin abin, amma har yau in na ga wasiƙa a ambulan mai tambarin hukuma sai in kau da kai. Babanki ya ce in bari sai hankalina ya kwanta kafin in rubuta wannan babi. Ni kuwa tsoro nake in na bari ya daɗe zan gyara labarin, in mai da kaina jaruma, alhali rawar jiki na yi tun daga farko har ƙarshe. Gara in rubuta shi yanzu da rawar tana nan.

Bari in fara da gidan, don ki san muryoyin da kika tashi a cikinsu. Gidan Inna ne, kakarki ta wajen uba, a bayan unguwar Kara-Kara inda duwatsu suka fara. Ɗaki uku da zaure, turmi biyu, da ƙaton kaskon da take toya ƙuli-ƙuli. Inna mace ce mai murya. In tana magana da mai kawo mata gyaɗa daga Mirriya, maƙwabta sai su leƙo suna zaton faɗa ake, alhali gaisuwa ce ba su gama ba. Babanki baduku ne, mai shiru, ya fita rumfarsa da safe ya dawo da warin fata a rigarsa. Ni kuma daga Gaffati aka kawo ni, da akwatin kaya da takardar birebe, shaidar jarrabawar da na ci a kolej. Inna ta karɓi takardar ta sa ƙarƙashin katifarta, ta ce kada ɓera ya cinye ilimin gidan. Da cikinki ya tsufa aka mai da ni Gaffati, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari, a ɗakin uwata aka haife ki da damina, hanya duk ta lalace, ba wanda ya tuna da zancen takardar haihuwa. Ranar suna babanki ya sa miki sunan Inna. Kin zo mini ƴar fari, kuma da sunan surukata, sai bakina ya rufe ta hanya biyu. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa cewa ƴata ba. In dole ta kama, sai in ce yarinyar nan, ko ƴar Inna. Da aka yaye ki Inna ta ɗauke ki zuwa ɗakinta, kowa ya ce na iya kunya, uwata ta ji daɗi har Gaffati.

Inna ta san abin da ke cikina, ba ta dai taɓa faɗa ba. In ta ga ina wanke kwano ɗaya sau uku ina satar kallonki, sai ta miƙe ta gyara zane.

“Dije, riƙe mini kayan nan, zan leƙa maƙwabta.”

Kayan ke ce. Takan daɗe a maƙwabtan, ta dawo tana tari tun daga zaure don in samu in sauke ki daga cinyata.

Kina shekara biyu da rabi sanƙarau ya kama ki, da bazara. Kwana tara muka yi a asibiti. Kin tashi da ranki, muka yi ta godiya ga Allah, ba mu san kunne ya tafi ba. Inna ce ta gano. Wata rana tasa ta suɓuce mata a bayanki, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, ke kuwa kina zaune kina wasa da murfin kwalba, ko gira ba ki ɗaga ba. Ta sake ɗaukar tasar ta buga da gangan. Sannan ta zauna a kan turmi, ta zuba miki ido.

Da kika isa shiga lakwal sai muka rasa yadda za mu yi. Inda ake koyar da irinku yana can ɗaya gefen gari, sai an tsallaka tituna masu cike da kabu-kabu, ke kuma ba kya jin oda. Mun gwada lakwal ɗin unguwa, kika yi sati biyu kina kallon bakin malama, kika dawo kika ɓoye allonki a bayan randa. A wannan shekarar ne Mushe Isufu, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya (Mushe muke ce wa malaman boko), ya tara iyaye a zaurensa. Shi ma yana da jikanya mai jinkirin fahimta. Ya ce akwai fili a bakin unguwa da aka ware tun lokacin yankan filaye don aikin jama'a, wanda yara ke ƙwallo a kai, awaki na kwana. Wata ƙungiyar taimako ta yi alkawarin gina aji uku na kurame da masu jinkirin fahimta, amma sai an nuna mata izinin gini. Masu manyan motoci su ma sun nemi filin don ajiye motocinsu. Kwamitin da ke ba da izini zai duba wanda bukatarsa ta fi yawa. Don haka sai an kai sunayen yara, kowane da abin da ke damunsa da sunan uwarsa ko ubansa.

“Namiji ba zai shiga gidaje ba,” in ji Mushe Isufu. “Muna son mace mai rubutu.”

Baraka mai fura ta nuna ni da haɓa. Ita ƴarta ta biyar ce kurma, ba ta da sauran kunyar kowa a duniya.

“Ga ƴar birebe nan tana ɓoye a bayan mutane kamar an aiko ta satar gishiri. Dije, fito!”

Haka na zama sakatariya. Sati uku ni da Baraka muna shiga gida gida, ita da baki, ni da bik ina rubutu. A wannan yawon na ga abin da ban san yana unguwarmu ba. Yara a ɗakunan baya, an wanke su tas, an shafa musu mai, ba a dai fita da su. In muka tambaya, sai a ce babu. Baraka ta zauna a tabarma ba a ba ta ba, ta ce to a kawo ruwa, ba za ta tashi ba sai ta gaisa da babun. Ana dariya sai a fito da yaro. Inda uwar take da kunyar ɗan fari, kaka ce ko gwaggo take faɗa mana komai, uwar ta juya baya tana hura wuta, ni ina rubutawa. Ban ga wani abu a ciki ba, haka duk muka tashi muka gani. Mun samu yara talatin da ɗaya. Ke ce ta ƙarshe. Na rubuta sunanki a ɗakina ni kaɗai, na rubuta nawa a gefensa, na daɗe ina kallon sunayen biyu a layi ɗaya. Babanki ya ɗinka wa takardun jaka ta jar fata, ya ce kada a kai maganar ƴaƴan mutane cikin leda kamar tattasai.

Bayan wata ɗaya aka turo mai bincike ya tabbatar da sunayen. Da hantsi yake yawo, lokacin da maza duk sun fita. Ranar da ya zo gidanmu, Inna na da baƙi, ƙawayenta biyu tsofaffi daga Mirriya, suna zaune suna ɓare gyaɗa. Ya yi sallama, aka ce ya shigo daga zaure. Mutum ne mai ladabi, da takarda a kan ɗan katako. Ya dube ki kina zaune kusa da kasko, ya duba takardarsa, ya dube ni.

“Madam, ke ce sakatariya ko? Wannan ce lamba talatin da ɗaya?”

Na ce ita ce.

“Ƴarki ce?”

Tsofaffin nan suka bar ɓarar gyaɗa. Na ji idonsu a wuyana.

“Ƴar Inna ce,” na ce.

“Madam, tambayar ita ce, ke kika haife ta? Eh ko a'a.”

Na sunkuyar da kai, na ja gyale na rufe baki, na faɗi abin da kowace yarinya mai tarbiyya za ta faɗa a gaban surukarta da baƙi.

“Ni ina na san ta? A nan na gan ta.”

Tsofaffin suka tuntsire da dariya, ɗaya ta ce wa Inna ta yi dacen suruka, irin wannan kunya ta ƙare a Damagaram. Inna ta ba mutumin ƙuli-ƙuli mai zafi a takarda. Ya yi godiya, ya ɗan ja bik a takardarsa, ya fita. Ni har daɗi na ji a ranar. Na kwana ina jin yabon tsofaffin nan a kunnena.

Kwana goma bayan haka ambulan ta zo da sunana. Aka ce in je biro, wato ofishin hukuma, ni kaɗai ranar Talata. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Na zauna a benci tun safe, ga masu neman izinin shago da na katanga suna shiga suna fita, har aka kira ni. Babban ma'aikacin yana zaune bayan tebur, jakar jar fatar babanki a gabansa, mai binciken yana tsaye a gefe. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

“Madam, kin kawo mana yara talatin da ɗaya. Uwaye tara sun ce ba su san yaran da kika rubuta musu ba. Babu mai takardar haihuwa a cikinsu. Ta taran ke ce.” Ya juya takardar ya nuna mini inda aka ja layi a ƙarƙashin sunana. “Kin san abin da ake yi wa wanda ya kawo wa hukuma sunayen ƙarya da sa hannunsa? Maganar jandarma ce. Ni ba na so ta kai can. Amma masu motoci sun ji labari, sun rubuto mana.”

Ina so in ce kunya ce, sai na ga ko kalmar ta fito, dole in bi ta da abin da ban taɓa faɗa ba. Mai binciken ne ya yi magana, a hankali, kamar shi ma abin ya dame shi.

“Na san al'adar, madam. Ni ma ɗan fari ne, uwata har ta rasu ba ta kira sunana ba. Amma takardar nan gurbi biyu gare ta, eh da a'a. Abin da aka faɗa mini shi nake rubutawa, ba abin da na gane ba.”

Aka ce kwamiti zai zauna a filin kansa ranar Alhamis ta sama, a gaban mai unguwa da jama'a. Can za a yanke ko a ba lakwal, ko a ba motoci, can kuma za a san matsayina. Na fito na manta da kabu-kabu, na tako da ƙafa tun daga tsakiyar gari har gida cikin rana tsaka. Duk wanda na gani da kakin soja sai in canza gefen titi.

Babanki ya dawo da la'asar ya tarar da ni kwance. Da na gaya masa, ya zauna a bakin gado yana juya hularsa a hannu.

“In je in ce ni na rubuta,” ya ce. “In kamu ne su kama ni.”

“Da wane rubutu? Kai da ko sunanka sai ka fitar da harshe kafin ka gama.”

Ya yi dariya, ni ma na yi, sai dariyar ta koma kuka. Ya ce shi zai tashi a gaban kwamiti ya faɗa, amma na san shi. Shi ma ƴar farinsa ce ke, kuma sunan uwarsa ne. Mutumin da in ya sayo miki takalmi sai ya ajiye a zaure ya ce wani ne ya manta da shi, ina zai iya? Kuma ba shi ya ƙaryata takardar ba, ni ce.

Inna ba ta tambaye ni komai ba cikin kwanakin nan, ni ma ban iya kai mata maganar ba. Baraka ce ta zo ta zazzage mata duka a tsakar gida, da ƙari. Inna ta ci gaba da matsar tunkuza, mai na tsiyaya tsakanin yatsunta. Daga baya ta ce, ba ta dubi kowa ba:

“Ranar Alhamis zan je kallo. A yi wa yarinyar nan kitso.”

Ni na yi miki kitson ranar Laraba. Tsagar ta karkace mini sau biyu, kina juyowa kina hararata.

An kafa rumfa a filin, an jera kujeru na manya, an shimfiɗa tabarmi. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, dattawan da na saba durƙusa wa a hanya duk suna nan. Wakilin masu motoci ya zo da babbar riga da takardu cikin jaka. Mata muna gefe ɗaya, ke kina cinyar Inna kina kallon wata mota da aka tsayar a bakin fili. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai farin gemu da tabarau, ya sa aka karanta abin da mai bincike ya samo. Mushe Isufu ya tashi ya yi bayanin kunyar ɗan fari, da Hausa, ya ƙara da Faransanci. Shugaban ya bar shi ya gama.

“Mushe, a garin nan aka haife ni, ba sai an koya mini wannan ba. Amma ni takarda aka ba ni, ta ce wadda ta rubuta sunayen ta ƙaryata kanta da bakinta. In na ɗauki maganarka, gobe waɗancan su kai ƙara a ce na yi son kai. Wadda ta ɗaura ita za ta kwance. Ina sakatariya?”

Ban san yadda na miƙe ba. Baraka ta ce ita ta tura ni da gwiwa, wataƙila gaskiya ne. Na tsaya, gyalena na zamewa, ina kama shi.

“Lamba talatin da ɗaya. Mene ne sunan yarinyar, kuma wa ya haife ta?”

Na dubi Inna. Ba ta dube ni ba, tana gyara miki ɗankwali. Na tuna yaran nan na ɗakunan baya da aka fito mana da su don an yarda da ni. Na tuna allonki a bayan randa. Ba zan ce miki ƙarfin hali ya zo mini ba, don bai zo ba. Tsoro biyu ne suka haɗu, ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Muryata ta fito ƙarama, shugaban ya ce ba a ji ba, in ƙara.

“Sunanta Rakiya,” na ce. “Ni na haife ta, a Gaffati, a ɗakin uwata. Ƴata ce. Ita ce ta fari.”

Wani tsoho a cikin dattawa ya ce subhanallahi. Na ji wata mata a bayana ta ja tsaki, wata ta ce abin da karatun lakwal ke jawowa ke nan. Kowa a filin nan ya ji sunanki sai ke. Kina can kina ƙirga tayoyin motar da yatsa.

Sai Inna ta sauke ki ta miƙe, ba wanda ya ba ta izini.

“Ranka ya daɗe, sunana ne ta kira, ga ni kuma ban faɗi ba. Ni na riƙe, ita ta haifa, na je har Gaffati, ina wurin da aka yanke cibi. Amma ku ma da naku. Wa ya taɓa tambayar uwa ɗan fari ga kaka a zaune? Yaron nan ya zo gidana ya ci ƙuli-ƙulina, bai tambaye ni komai ba!”

Dariya ta ɓarke, har shugaban ya cire tabarau yana share ido. Mai binciken ya sunkuyar da kai yana murmushi. Cikin sauran uwaye takwas, biyu suka tashi suka faɗa kamar yadda na faɗa, ɗaya tana kuka. Ɗaya ta ja zane ta gudu gida, ba a sake ganinta ba ranar. Sauran shugaban ya yarda kakanni su shaida, tun da yanzu an ga inda kuskuren ya fito, a rubuta a sa musu yatsa, mai unguwa ya tabbatar. Aka kawo tawada. Tsofaffi suka yi layi, kowacce na goge babban yatsa a zane kafin ta miƙa. Wakilin masu motoci ya tattara takardunsa, ya ce wa Mushe Isufu su sun zo da lauya a jaka, an ci su da tsofaffi, Allah ya sa alheri. Ba a sake maganar jandarma ba. Da aka watse, Baraka ta kawo mini ruwa tana cewa in sha a hankali, mara kunyar unguwa.

Ita da wasa take faɗa. Wasu ba da wasa ba. A bikin da aka yi bayan nan, ina shiga ɗaki wata ta ce a ba mai ƴa wuri. Tsofaffin Mirriya da suka yabe ni sun zo gidan sau biyu tun daga lokacin, gaisuwata suke amsawa da ka. Wanda ya fi ci mini rai shi ne saƙon uwata. Labarin ya riga ni zuwa Gaffati, ta aiko ƙanwarta ta gaya mini cewa ba don in tsaya gaban maza in kira sunan surukata ta bar ni na yi kolej ba. Ba ta zo mana Sallah ba. Na je da kaina na durƙusa, ta amsa, ta ba ni fura, ta tambayi lafiyar Inna, ba ta tambayi taki ba. Kada ki riƙe ta a zuci. Ni ce ƴar farinta. Shekara ashirin da shida tana haɗiye sunana, ta ga na zubar da abin da ta sha wuya a kansa cikin minti ɗaya. Da zan taho ta cusa wani ƙullin goriba a jakata ba ta ce na wa ba ne.

Izinin ya fito bayan sati bakwai, da sharuɗɗa: a yi katanga saboda titi, a faɗaɗa ƙofofi don masu keke, a yi bayan gida na mata daban. Mushe Isufu ya yi ta yawo da takardar gida gida, ya hana kowa taɓawa sai an wanke hannu. Ranar da ma'aikata suka zo kafa duwatsun siminti na iyakar filin, Inna ta rufe kaskonta da la'asar ta ce mu je mu gani, mu uku. Ba komai a wurin sai duwatsun da ramuka huɗu da awaki. Kika saki hannunta kika ruga kina tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Muna tsaye muna kallonki, sai ta ce:

“Dije, duk garin nan kin gaya wa. Ita fa?”

Na ce ban gane ba.

“Sauran ƴaƴan fari a bakin mutane suke ji. A wurin biki, a wurin faɗa, wani ya suɓuta ya ce uwarka. Haka babanta ya san ni ce uwarsa, yana shekara biyar, a bakin mai tallan goro. Ita wa ta ji?”

Shekara bakwai, wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Inna ta tafa hannu a gabanki har kika dubo, ta yafito ki. Kin san yadda kike kiran mutanen gida da hannu: Inna ita ce matsar tunkuza, babanki jan zare, ni kuma yatsa yana rubutu a tafin hannu. Inna ta durƙusa da kyar, ta dafa cikina, ta zana babban ciki a iska, ta yi kamar tana rungume jariri, ta nuna ki. Ta sake yi a hankali. Kika dube ta, kika dube ni daga sama har ƙasa. Sai kika fashe da dariya, irin dariyarki mai fitowa daga maƙogwaro, kika girgiza kai. Kika dafa cikin Inna da hannu biyu, kika nuna kanki. Ni kuwa kika yi mini alamar rubutu, kika kaɗa yatsa, wai Inna ta cika wasa. Kika koma kan duwatsunki.

Inna ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce in bari, da sauran lokaci. Na ce to. Mun gwada sau biyu bayan nan, dariya kike yi, hannuwanmu ba su da kalmomin da za su kai. Yanzu an fara buga bulo a filin, Mushe Isufu ya ce in Allah ya yarda baɗi za a buɗe aji na farko. Ban san shekara nawa za ki yi kafin ki iya karanta takarda mai tsawon wannan ba. Ba zan ba kowa ya fassara miki ita da hannu ba, ko malamarku. In kin kai wannan layin da idonki, Rakiya, ba wasa Inna take yi ba. Rufe littafin ki zo ki same ni, ko ina tsakiyar mutane ne.